Ɓarin Tumaki: Asarar Da Ba Ta Shiga Littafin Ɗan Kasuwa

LEGAS — Duk shekara idan Babbar Salla ta gabato, magana ɗaya ce ke bakin masu saye da masu sayarwa a Oko-Oba ta Agege, da kasuwar Kara da ke bakin hanyar Legas zuwa Ibadan, da Akinyele, da sauran zangunan dabbobi na Kudancin ƙasar nan, watau raguna sun yi tsada. In aka tambayi fatake dalili, sai su shiga lissafa kuɗin tirela, da tsadar man dizal, da shingayen karɓar kuɗi da ke kan hanya, da dusa da harawa, da faɗuwar darajar Naira a gaban Sefa, da rashin tsaron da ya kori makiyaya daga dazuzzukan da suka saba kiwo. Dukkan waɗannan gaskiya ne, kuma kowane ɗayansu yana da gurbi a littafin lissafin ɗan kasuwa. Amma akwai wani dalili da ba a cika ambatonsa ba, domin ba a kasuwa yake faruwa ba, kuma ba a shekarar da ake jin raɗaɗinsa yake aukuwa ba. Wannan dalili shi ne ragon da ba a haifa ba.

Bari mu fara da ƙidayar watanni. Tunkiya kan ɗauki ciki na wata biyar, watau kwana 147 zuwa 150. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Musulmin ƙasar nan ke bi, sun fi rinjaye a kan cewa ragon layya ya cika shekara guda. In aka haɗa biyun, ke nan mafi ƙanƙantar ragon da aka yanka a Sallar watan Yunin 2025 an ɗauki cikinsa ne wajejen watan Janairun 2024, a tsakiyar hunturu. Manyan raguna kuwa, irin Balami da Uda waɗanda masu hali ke rububinsu, sun fi haka nisa, gama sukan kai shekara biyu ko fiye kafin su yi girman da ake so. Saboda haka duk abin da ya sami tumaki masu ciki a ƙauyukan Jigawa, Yobe, Sakkwato ko Damagaram, ba ya bayyana a farashin Legas sai bayan wata goma sha bakwai ko fiye. Kafin lokacin kowa ya manta da abin da ya faru, sai a ɗora laifin a kan direban tirela.

Ba ƙaramar dukiya ake magana a kai ba. Ƙidayar dabbobi da aka gudanar a faɗin ƙasar nan a 1990 ta nuna cewa akwai tumaki kimanin miliyan 22 da awaki miliyan 34 da rabi, kuma mafi yawansu a hannun ƙananan masu kiwo suke, musamman matan ƙauye, waɗanda tunkiya ita ce bankinsu. Ribar da wannan banki ke biya kuwa ita ce haihuwa. Tunkiyar da ta ci abinci wata huɗu ta yi ɓari, tamkar kuɗi ne da aka ajiye a asusun da bai haifi ko kwabo ba, ga shi kuma ana cire ladan ajiya.

Domin a fahimci yadda ƙwayar cuta ta bairas ke haddasa wannan asara, dole ne mai karatu ya yi haƙuri mu ɗan shiga ajin likitocin dabbobi. Ciki ba ya zama da kansa. Abin da ke riƙe shi wasu sinadarai ne da jiki ke sakawa cikin jini domin isar da saƙo daga wannan gaɓa zuwa waccan, waɗanda likitoci ke kira homon. Babba daga cikinsu shi ne furojestaron, wanda aikinsa shi ne ya kwantar da mahaifa, ya hana ta murɗawa, ya sa bakinta ya kasance a rufe, ya kuma hana tunkiya komawa neman barbara. Muddin yana da yawa a jini, ciki na nan. Ranar da ya faɗi, ciki ya tashi, ko lokacinsa ya yi ko bai yi ba.

A farkon ciki, wani ɗan ƙullutu mai launin rawaya da ke fitowa a gidan ƙwai, a daidai gurbin da ƙwan ya fita, shi ke samar da wannan sinadari. Sai dai ƙullutun nan yana da wa'adi. Idan babu ciki, mahaifa kan saki wani sinadari mai suna furostagilandin wanda ke rusa shi bayan mako biyu, ta yadda tunkiya za ta sake neman rago a kwana na 17. Idan kuwa akwai ciki, wajibi ne ɗan tayin ya aika wa uwarsa saƙo wajejen kwana na 12 zuwa 13 cewa yana nan, kada a rusa. Abin mamaki a nan shi ne, saƙon da yake aikawa wani nau'i ne na intaferon, watau dangin sinadaran da jiki ke amfani da su wajen yaƙar bairas. Ashe tun daga makonni biyun farko, harkar riƙe ciki da harkar yaƙi da cuta a hanya ɗaya suke tafiya. Zazzaɓi mai zafi a wannan lokaci yana iya kashe ɗan tayin kai tsaye, sa'an nan kumburin da cuta ke haddasawa yakan sa jiki ya ƙara sakin furostagilandin, wanda shi ne abokin gabar ƙullutun da ke riƙe da cikin.

Irin wannan asara ba a ganinta. Babu jini, babu ɗan tayi a ƙasa, jiki kan shanye abinsa. Abin da mai kiwo zai lura da shi kawai, in har yana lura, shi ne tunkiyar da aka yi wa barbara ta dawo tana neman rago, ba a kwana na 17 da aka saba ba, sai bayan mako huɗu ko biyar. Wannan jinkiri alama ce mai ƙarfi ta cewa ciki ya shiga, ya aika da saƙonsa, sa'an nan ya lalace. Ana samun masu gonar kiwo da ke sayar da irin waɗannan tumaki da sunan juya, ko su canja rago, alhali kuwa cuta ce ta ratsa garken ta wuce.

Daga wajejen kwana na 50, aikin samar da furojestaron kan koma hannun mabiyiya. A nan tunkiya ta bambanta da akuya, gama ita akuya ƙullutun nan na gidan ƙwai shi ke riƙe mata ciki har ta haihu. Mabiyiyar tunkiya kuwa ba shimfiɗa ɗaya ba ce, wasu maɓallai ne masu yawa, da dama daga saba'in zuwa ɗari, inda naman uwa da na ɗa ke sarƙe da juna, kamar yadda duk wanda ya taɓa ganin haihuwar tunkiya ya sani. Ta waɗannan maɓallai abinci da iska ke isa ga ɗan tayi, kuma a cikinsu ake ƙera sinadaran da ke riƙe ciki da waɗanda ke shirya hantsa domin nono. To, ire-iren bairas da suka fi yi wa masu kiwo ɓarna, a nan suke yin sansani. In sun lalata maɓallan gaba ɗaya, ɗan ya mutu, furojestaron ya faɗi, a yi ɓari. In kuwa rabi suka lalata, cikin zai kai, amma a haifi ɗa ƙarami, raunanne, ga uwa babu isasshen nono. Irin wannan ɗa ko ya rayu ba ya yin ragon kasuwa, kome dusar da aka zuba masa.

Ƙarshen ciki ma yana da nasa sirri. Wani likitan mata ɗan ƙasar Niyu Zilan, Graham Liggins, shi ne ya tabbatar a shekarun 1960, ta hanyar gwaje-gwaje a kan tumaki, cewa ɗan tayi ne ke yanke ranar haihuwarsa, ba uwa ba. A makonnin ƙarshe, wani ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar ɗan kan umarci ƙullutun da ke saman ƙodarsa ya saki sinadarin kotisol, shi kuma kotisol ya sa mabiyiya ta daina fitar da furojestaron ta koma fitar da istirojin, daga nan naƙuda ta tashi. Wannan bincike shi ne asalin allurar da ake yi wa mata masu haihuwar bakwaini domin ƙarfafa huhun jariri. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, ɗan tayin da cuta ta galabaitar yana iya sakin kotisol kafin lokaci, a haife shi bai nuna ba, shi kuwa wanda bairas ya cinye wa ƙwaƙwalwa ba ya iya ba da umarnin sam, sai ciki ya wuce wa'adinsa, uwa ta shiga haɗari.

Cutar da ta fi kusa da aljihun mai kiwon Nijeriya ita ce wadda likitoci ke kira PPR, ƙanwar bushiya, wadda dattawan fatake ba za su manta da ɓarnar da ta yi wa shanu a 1983 ba. An fara bayyana PPR a ƙasar Kodebuwa a 1942. Alamominta sanannu ne: zazzaɓi, majina da kwantsa, gyambo a baki, zawo mai wari, sa'an nan ciwon huhu. Ta fi tsanani a kan awaki, kuma a garken da bai taɓa haɗuwa da ita ba tana iya kashe har kashi 90 daga cikin ɗari. Tumaki sukan fi jurewa, kuma wannan juriya ce ke yaudarar masu su, domin tunkiya za ta yi kwanaki tana fama, ta miƙe, mai ita ya gode wa Allah, alhali cikin da take ɗauke da shi ya riga ya tafi ko ya raunana. Cutar ba ta buƙatar sauro ko ƙuda, numfashi da cuɗanya sun ishe ta. Ke nan babu wurin da ya fi mata daɗi kamar kasuwa da bayan tirela, inda dabbobin garke ashirin ke haɗuwa a matse na kwana biyu. Alamunta kuma ba sa fitowa sai bayan kwana huɗu zuwa shida da kamuwa, saboda haka dabbar da aka saya lafiya lau ranar Alhamis a Maigatari tana iya fara majina bayan an sauke ta a Ogun.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa PPR na jawo wa duniya asarar dalar Amurka miliyan dubu ɗaya da ɗari huɗu da hamsin zuwa miliyan dubu biyu da ɗari ɗaya a kowace shekara. A watan Afrilun 2015 aka yi taro a Abijan inda ƙasashe suka amince da shirin kawar da ita daga doron ƙasa kafin 2030, kamar yadda aka yi wa bushiya a 2011. Amma a 2024 sai ga ta ta ɓulla a Girka da Romaniya, abin da ya nuna akwai sauran aiki. Wani abin da ya kamata ya sa mu jin kunya shi ne, allurar rigakafin da aka fi amfani da ita a Afirka sunan ƙasarmu take ɗauke da shi, watau Nigeria 75/1, domin a nan aka samo ƙwayar a 1975, kafin Dokta Adama Diallo da abokan aikinsa su raunana ta a Faransa ta zama allura a ƙarshen shekarun 1980. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana sarrafa ta. Allura ɗaya tana kare dabba shekara uku ko fiye, kuma kuɗinta bai kai na abincin da tunkiya ke ci a 'yan kwanaki ba. Matsalarta ita ce sanyi. In ta yi zafi a hanya ta zama ruwa, ko da kwalbar na nan da tambarinta.

Idan PPR ɓarawo ce mai sata a hankali, zazzaɓin Kwarin Rift ɗan fashi ne. An gano shi a Kenya a 1930, a wata gonar tumaki kusa da tafkin Naibasha, sa'ad da tumaki suka riƙa ɓari, 'ya'yansu na mutuwa dubbai. Sauro ne ke yaɗa shi, kuma ƙwan wani nau'in sauro yana iya kwanciya cikin busasshiyar laka shekaru da ƙwayar cutar a cikinsa, yana jiran shekarar ruwa mai yawa da ambaliya. Wannan bairas yana son ƙwayoyin halittar mabiyiya ƙwarai, yana hayayyafa a cikinsu har su ruɓe su zubar da jini. Idan ya shiga garke, kusan duk tunkiya mai ciki sai ta zubar, ko cikin na wata nawa ne, sa'an nan sababbin haihuwa su mutu da ciwon hanta cikin kwana biyu ko uku, tara daga cikin goma ko fiye. Watau haihuwar shekara guda cur ta tafi cikin mako biyu.

Daɗin daɗawa, yana kama mutane, kuma waɗanda suka fi kamuwa su ne masu taɓa jini da ɗan tayi da mabiyiya da hannu, watau makiyaya, da mahauta, da matan da ke taimakon dabba wajen haihuwa. A Masar a 1977 ya kashe kusan mutum 600. A 1987 ya ɓarke a kudancin Muritaniya bayan gina madatsar ruwa a kogin Senegal. Wanda ya fi kusa da mu shi ne na 2016 a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, inda fiye da mutum 30 suka rasu, akasarinsu makiyaya, bayan da dabbobi suka yi ta ɓari a yankin Cintabaradan. Duk wanda ya san hanyar dabbobi ya san cewa daga Tawa zuwa Ƙonni zuwa Illela ba wata tafiya ba ce. Gwaje-gwajen jini da masana suka yi a lokuta daban-daban sun kuma nuna cewa dabbobin Nijeriya suna haɗuwa da wannan bairas.

Darasin da ke nan ga 'yan kasuwa ya fito ne daga gabashin Afirka. A shekara ta 2000 cutar ta tsallaka Bahar Maliya ta ɓulla a Saudiyya da Yaman, karo na farko ke nan a wajen nahiyar Afirka. Nan take Saudiyya ta hana shigo da dabbobi daga ƙasashen Kusurwar Afirka, kuma ba ta janye wa Somaliya takunkumin ba sai a 2009. Tashar jiragen ruwa ta Barbara, wadda rayuwarta ta dogara a kan tumakin da ake kaiwa domin aikin Hajji, ta yi shekara tara tana fama. Ke nan asarar da rufe kasuwa ta jawo ta ninka wadda cutar kanta ta yi. Duk mai mafarkin fitar da naman rago ko dabbobi masu rai daga Nijeriya zuwa ƙasashen Larabawa, to ya sani tambayar farko da za a yi masa ita ce ta takardar shaidar lafiya, ba ta farashi ba.

Akwai kuma wasu cututtukan da aikinsu ya dogara kacokan a kan ranar da suka sami cikin. Garkuwar jikin ɗan tayin tunkiya ba ta fara aiki sai wajejen kwana na 60 zuwa 80, ita kuma mabiyiyar tunkiya ba ta barin sinadaran garkuwar uwa su ratsa zuwa gare shi, sai an haife shi ya sha dakashi. Cutar kan iyaka, wadda aka raɗa wa wannan suna domin a iyakar Ingila da Wels aka fara bayyana ta a 1959, ba ta nuna kome a jikin uwa. Amma in ta shiga ɗan tayi kafin garkuwarsa ta farka, jikinsa kan ɗauke ta a matsayin nasa, a haife shi yana karkarwa, gashinsa a tsaitsaye, sinadaran ƙullutun maƙogwaronsa, waɗanda girma da ginuwar jijiyoyi suka dogara a kansu, sun yi ƙasa. Wanda ya rayu daga cikinsu zai yi ta zubar da ƙwayar cutar muddin ransa, wasu ma babu alamar kome a jikinsu. Irin wannan dabba ita ce mafi tsadar abin da mutum zai saya da arha. Haka nan bairas ɗin Schmallenberg, wanda aka gano a Jamus a ƙarshen 2011: in ya sami ciki a wata na biyu, sai a haifi ɗa da sandararrun gaɓoɓi da karkataccen wuya, wanda sau da yawa ba ya fita sai an yi da gaske.

Cutar shuɗin harshe kuwa, wadda wasu ƙananan ƙudaje masu cizo ke yaɗawa, ta daɗe a Afirka, har tumakinmu na gida irin 'Yan Ƙasa da Uda sun saba da ita, ba ta cika kayar da su ba. Baƙin tumaki ne ke shan wuya. Nau'inta da ya ɓarke a Holan da Beljiyam da Jamus a 2006 ya ba masana mamaki saboda yadda yake ratsa mabiyiya, wani nau'in kuma ya sake kashe tumaki masu yawa a Holan daga watan Satumban 2023. Wannan gargaɗi ne ga attajiran da suka shiga yayin shigo da irin tumakin waje da tsabar kuɗi domin inganta garkensu. Abin da ɗan gida ya saba da shi yana iya zama ajalin baƙo. Kada kuma a manta da rago. Zazzaɓi mai zafi yakan lalata maniyyinsa, kuma tun da jiki na ɗaukar kimanin mako bakwai kafin ya ƙera sabo, ragon da ya warke yau yana iya yin wata biyu yana hawa babu ciki.

Yanzu sai mu koma ga alƙalami. Mu ɗauka, alal misali, wani ɗan kasuwa ya zuba jari a tumaki mata 100, dukkansu sun ɗauki ciki, sa'an nan cuta ta ratsa, 30 suka yi ɓari a wata na huɗu, babu wadda ta mutu. A littafinsa zai rubuta cewa jarinsa na nan daram, domin ya ƙirga kai ɗari ya samu ɗari. Amma ya yi asarar 'ya'ya 30, waɗanda rabinsu raguna ne na sayarwa, rabinsu kuma mata ne da za su ƙara yawan garken. Ya yi asarar abincin wata huɗu na tumaki 30. Idan tunkiyar ta ɗauki wata biyu kafin ta murmure ta sake ɗaukar ciki, ɗan da ya kamata a haifa a wata na biyar sai a wata na goma sha ɗaya zai zo, watau jinkirin wata shida. A nan ne kalandar Musulunci ke shigowa. Babbar Salla na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, ba ta jiran kowa, saboda haka ragon da ya makara da wata shida ba zai cika shekara a Sallar da aka yi niyya ba. Ko dai a ci gaba da ciyar da shi har wata shekarar, ko a sayar da shi a lokacin da kasuwa ta kwanta. In kuma da bashin banki aka yi kiwon, ruwa na nan yana hauhawa. A ra'ayin marubucin nan, duk bankin da ke ba da rancen kiwo ba tare da ya nemi shaidar rigakafi ba, bai san abin da yake ba da bashi a kai ba.

Wajibi ne a faɗi gaskiya cewa ba kowane ɓari ne aikin bairas ba. Akwai bakkale da wasu cututtukan bakteriya, akwai wata ƙwayar da ake samu daga kashin kyanwa in ya gurɓata abinci, akwai kuma yunwa tsagwaronta, musamman da yake kusan kashi 70 daga cikin ɗari na girman ɗan tayi a mako shidan ƙarshe yake samuwa. Ido ba ya iya rarrabe su, sai ɗakin gwaji, kuma abin da ɗakin gwaji ya fi buƙata shi ne mabiyiyar da ɗan tayin da akan jefa wa karnuka. Rashin wannan bincike ne ya sa kuɗi masu yawa ke tafiya a kan maganin da ba shi da amfani. Allurar nan ta LA da kowane mai kiwo ya sani tana kashe bakteriya ne, ba ta taɓa bairas, iyakarta ta rage ciwon huhun da kan biyo baya. Mafi muni ita ce desametason, wadda 'yan tallan magani ke haɗawa da ita domin dabba ta yi saurin miƙewa. Wannan magani ɗan'uwan kotisol ne, watau shi ne ainihin saƙon da ɗan tayi ke aikawa in yana son fitowa, saboda haka in aka yi wa tunkiya mai tsohon ciki yana iya tayar mata da naƙuda kafin lokaci. Haka kuma allurar furojestaron ba ta ceton cikin da mabiyiyarsa ta riga ta ruɓe, sai dai ta jinkirta fitar mataccen ɗa. Ko rigakafin ma yana da lokacinsa: tsohuwar allurar zazzaɓin Kwarin Rift da ta shuɗin harshe masu ɗauke da raunanniyar ƙwaya an san suna iya jawo ɓari ko nakasar ɗa in aka yi wa mai ciki, shi ya sa likitoci suka fi son a kammala rigakafi makonni kafin a saki rago.

Abin da mai jari zai iya yi da kansa ba shi da tsada. Kada sabuwar dabba daga kasuwa ta haɗu da masu ciki sai ta yi mako uku a killace. Wannan ya fi shafar waɗanda ke haɗa sana'a biyu a fili ɗaya, watau kiwon haihuwa da saro raguna gabanin Salla, domin su ne ke kawo cutar kasuwa har ƙofar mahaifa da kuɗinsu. Ragunan da suka yi kwantai bayan Salla aka dawo da su gida, su ma baƙi ne, a killace su. A riƙa rubuta ranar barbara da ranar da tunkiya ta dawo, gama littafi na Naira kaɗan yana nuna abin da ido ba ya gani. Inda akwai likita mai na'urar hoton ciki, ana iya tabbatar da ciki bayan wata ɗaya da rabi, a ware masu shi, a daina ciyar da marasa shi abincin masu ciki. In an ga tumaki biyu ko uku sun yi ɓari cikin mako guda, musamman bayan ruwa mai yawa, kada kowa ya taɓa abin da ya fito da hannu tsirara, kada a yanka marar lafiya a kai kasuwa, a sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa.

Sauran aikin na hukuma ne. A watan Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa kiwon dabbobi, kuma a watan Mayun 2025 hukumomin Nijar sun hana fitar da dabbobi daga ƙasarsu gabanin Salla, abin da ya tuna wa fataken Kudu cewa ragon maƙwabci ba abin dogaro ba ne a kullum. In ana son cike wannan giɓi da tumakin gida, ma'aunin da ya kamata a riƙa tambayar ma'aikatar da jihohi a kansa ba yawan kwalaben allurar da aka saya ba ne, a'a, 'ya'ya nawa ne kowace tunkiya ɗari ke yayewa a shekara. Ƙungiyoyin fatake da dillalai na kasuwannin Kudu, waɗanda ke karɓar kuɗin shiga a kan kowane kai, suna da ƙarfin da za su sayi firji mai aiki da hasken rana su ajiye a kasuwannin Arewa da suke saro kaya, su kuma ɗauki nauyin malamin dabbobi guda da zai zagaya ƙauyukan da ke kewaye kafin hunturu ya shigo.